Harajin mai cin gashin kansa da na mai albashi: wa ya fi biya, me ake yarda a cire?

"Assalamu alaikum Malam. Ni injiniyan kwamfuta ne, ina zaune a Hotoro. Da ina aiki a wani kamfani a Bompai, duk wata a cire mini haraji daga albashi, ko hanyar ofishin haraji ban sani ba. Bara na ajiye aikin na koma cin gashin kaina. Ina haɗa wa kamfanoni da makarantu da wata ƙungiyar agaji layin intanet, ina kuma gyara musu manhaja. Duk wanda zai biya ni sai ya riƙe kashi 5 cikin 100 ya ce na haraji ne. Wani abokina ya ce shi ke nan na gama da gwamnati. Wani kuma ya ce ba haka ba ne, har ma ina da damar cire kuɗin mai da data da hayar shago kafin a yi mini lissafi. Wanne ne gaskiya? Kuma tsakanina da mai albashi wa ya fi biya?"

Wa'alaikumus salam, Injiniya. Allah ya sa albarka a sabuwar sana'a. Abokinka na biyu ya fi kusa da gaskiya, na farkon kuwa kada ka biye masa. Tambayarka ta ƙunshi abu uku: ko kashi 5 ɗin da ake riƙewa ya wadatar, me doka ta yarda ka cire, da kuma wanda ya fi shan nauyi tsakaninka da wanda ka baro a Bompai. Aikina akanta ne, ina shirya wa ƙananan kamfanoni da masu sana'a takardun haraji a nan Kano, don haka zan amsa maka da abin da doka ta ce da kuma abin da ake gani idan an je gaban jami'i.

Ma'aunin ɗaya ne

Mutane da yawa suna zaton akwai harajin ma'aikata daban, na 'yan kwangila daban. Babu. Duk ku biyun harajin kuɗin shiga na mutum kuke biya, kuma jihar da mutum yake zaune ita ke karɓa. Kai da ke Hotoro, Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Kano, wato KIRS, ita ce mai haƙƙi a kanka, ko da wanda ya ba ka aikin yana Legas ko Abuja. Ko ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, bai canza komai ba, domin a idon doka kai da wannan sunan abu ɗaya ne. Har yau akwai dattawan da za su ce maka ai Rimi ya soke haraji tun 1979. Abin da marigayi Abubakar Rimi ya soke shi ne harajin kai da jangali, na kuɗin shiga kuwa dokar tarayya ce, yana nan.

Dokar ma ta sauya kwanan nan. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji guda huɗu a watan Yuni 2025, suka fara aiki 1 ga Janairu 2026, har hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta koma NRS. A sabon tsarin, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kai. Miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin 100, miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Hawa-hawa ake lissafin, kowane mataki da nasa kason. An soke tsohon rangwamen nan na naira 200,000 da kashi 20 na kuɗin shiga, aka kawo rangwamen haya: kashi 20 na kuɗin hayar gidan da kake biya a shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. Wanda ke zaune a gidansa ko gidan gado ba shi da wannan.

Bambancin yana wurare biyu. Na farko, wa ke yin lissafin. Mai albashi kamfaninsa ke cirewa a tsarin PAYE, wato cire haraji daga albashi kafin a biya shi, ya tura wa jiha zuwa 10 ga watan da ke biye, ya kuma miƙa bayanin shekara zuwa 31 ga Janairu. Shi ya sa ba ka san hanyar ofishin ba. Yanzu kai ne akantan kanka: zuwa 31 ga Maris na kowace shekara za ka miƙa bayanin abin da ka samu a shekarar da ta wuce, ka biya abin da ya hau kanka. Na biyu, kuma shi ne babba, a kan me ake ɗora ma'aunin. Mai albashi a kan albashinsa ake ɗorawa bayan an cire fansho da ire-irensa. Kai a kan ribarka ake ɗorawa, wato abin da ya rage bayan an cire kuɗin da ka kashe wajen nemo kuɗin. Sai dai ribar nan ba da baki ake faɗinta ba, kai za ka tabbatar da ita.

Kashi 5 ɗin da ake riƙewa

Wannan kafin alƙalami ne, ba cikon biya ba. Ƙa'idojin da aka fitar a 2024, suka fara aiki a Janairu 2025, sun ce kamfani ko ma'aikatar gwamnati ko ƙungiya idan za su biya kuɗin aikin ƙwarewa, ko na ba da shawara, ko na fasaha irin naka, su riƙe kashi 5 su tura wa hukuma da sunanka. Idan kaya ka kawo musu ba aiki ba, kashi 2 ne. Wanda bai ba da lambar haraji ba ana ninka masa, shi ya sa wasu ke kukan an cire musu kashi 10. Mutum ɗaya da ya kira ka gidansa ka haɗa masa intanet ba a ɗora masa riƙe komai ba, amma kuɗin da ya biya ka yana cikin abin da za ka bayyana.

A ƙarshen shekara ana lissafa harajinka gaba ɗaya, a debe abin da aka riga aka riƙe, ka cika ragowar. Idan abin da aka riƙe ya fi harajinka yawa, kai ke bin gwamnati. Wannan na faruwa sosai ga masu ƙaramin samu. Mutumin da ya yi aikin miliyan 3, ribarsa ta tsaya a miliyan 1.5, harajinsa naira 105,000 ne, alhali an riƙe masa 150,000. Yana da rarar 45,000 da zai iya nema a mayar masa ko a ajiye masa don shekara mai zuwa. A aikace, a ajiye maka ya fi sauƙin samu fiye da a dawo maka da tsabar kuɗi. Wanda bai taɓa miƙa bayani ba kuwa ya bar wa gwamnati su kyauta.

A nan ne mutane suka fi yin asara. Riƙewa daban, turawa daban. Na sha ganin kamfanin da zai cire kashi 5 daga kuɗin ɗan kwangila, kuɗin su kwana a asusun kamfanin. Na kuma ga wanda ya tura, amma ya tura wa hukumar tarayya, alhali na mutum ɗaya jiha ake kai wa. Wani kuma zai haɗa na mutum goma ya tura dunƙule, babu jadawalin sunaye. Duk waɗannan kai suke cutarwa, domin idan ka je ofis jami'i zai duba bai ga komai da sunanka ba. Don haka duk wanda ya riƙe maka kuɗi, ka nemi takardar shaidar cirewar, wadda a ofis ake ce wa kiredit not, mai ɗauke da sunanka da lambar harajinka da adadin kuɗin. Ka nema tun aikin yana da ɗumi. Idan ka bari sai watan Maris, mai yiwuwa akantan da ya biya ka ya bar wurin, wanda ya gaje shi ya ce ka dawo gobe.

Abin da ake cirewa da wanda ba a cirewa

Sharaɗin doka shi ne kuɗin ya zama an kashe shi kacokan don samar da kuɗin shigar, ba a haɗa shi da wata buƙata ba. A irin aikinka wannan ya haɗa da hayar shago, da kuɗin wutar KEDCO na shagon, da man janareta da gyaransa, da data da katin waya na aiki, da wayoyin da kake saye ka shimfiɗa wa abokan ciniki, da ladan yaran da ke taya ka, da lasisin manhaja na wata-wata, da kuɗin adaidaita ko man mota zuwa Sharada ko Challawa wajen aiki, da cajin banki, da ladan akanta ko lauya a kan harkar sana'ar. Bashin da ka ci don sana'a, kuɗin ruwansa ko ribar da bankin Musulunci ya ɗora a kai tana shiga.

Cefanen gida ba ya shiga, haka kuɗin makarantar yara, da ɗinkin Sallah, da gudummawar biki. Zakka da sadaka ibada ce tsakaninka da Ubangijinka, ba kuɗin tafiyar da sana'a ba ne. Tarar da aka ci ka saboda karya doka ba ta shiga. Abin da ka ɗiba daga asusun sana'a ka sa a aljihu ma ba albashi ba ne da za ka cire, daga ribarka ka ci. Sabuwar dokar ta ƙara wani sharaɗi da masu saye a kasuwa ya kamata su sani: abin da ya kamata a ce an caji VAT, wato harajin da ake ɗora wa mai saye, a kansa amma ba a caja ba, ko kayan waje da ba a biya musu kuɗin kwastan ba, ana iya ƙin amincewa da shi.

Inda ake ja-in-ja shi ne abin da ake amfani da shi ta fuska biyu. Motarka ita ke kai ka aiki, ita ke kai yara Islamiyya, ita ke zuwa ɗaurin aure Wudil ranar Asabar. Wayarka ɗaya ce, da ita kake amsa kiran abokin ciniki, da ita kake gaisawa da Hajiya. Solar da ka sa a gida tana kunna kwamfutarka, tana kunna firij. Ba za ka cire duka ba, kuma bai kamata ka haƙura da duka ba. Abin da nake sa mutane su yi shi ne su raba bisa wani ma'auni da hankali zai ɗauka, su rubuta shi, su tsaya a kansa. Gida mai ɗaki huɗu, ɗaya ka mai da shi ofis zalla, ka cire rubu'in haya da na wuta a matsayin kuɗin sana'a, sai ka lissafa rangwamen haya a kan ragowar kaso ukun, kada ka ci abu ɗaya sau biyu. Mota kuwa ka ajiye ƙaramin littafi a ciki, duk fitar aiki ka rubuta kwanan wata da inda ka je. Layin waya ka sayi na biyu don aiki kawai, magana ta ƙare. Jami'in da ya ga mutum ya raba da kansa yakan sassauta. Wanda ya zo ya ce duk man da ya sha a shekara na aiki ne, shi ake bi layi-layi.

Manyan kayan aiki hukuncinsu daban. Kwamfuta, janareta, inbata da batura, mota, teburan ofis, ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekarar da aka saya, saboda za su yi shekaru suna aiki. Ana rarraba kuɗin ne: kayan aiki da na ofis kashi 20 a shekara, mota kashi 25. Kayan miliyan 1 ke nan za ka riƙa cire naira 200,000 duk shekara. Idan kuma shekara ta zo da faɗuwa, ka bayyana ta, domin ana ɗaukar asarar a rage ta daga ribar shekarun gaba.

Duk wannan bayanin a kan takarda ya dogara. Yadda ake kawo mini kaya yawanci shi ne a baƙar leda: rasitan gidan mai da na POS a cukurkuɗe, rabinsu sun koma fari fat, saboda irin wannan takardar zafin Kano na wata biyu ya isa ya goge ta. A ciki za ka ga kwalin kwamfutar da aka saya a Beirut Road, babu rasit, kuɗin ma asusun yaron shago aka tura. Mai ledar ya san ya kashe kuɗin, ni ma na yarda ya kashe, amma ba ni zan amince ba. Maganin abin ba shi da wuya. Ka ɗauki hoton kowane rasit ranar da aka ba ka. Ka sa mai shago ya rubuta maka a takardar da ke da sunan shagon. Ka buɗe asusun banki na sana'a zalla, duk kuɗin aiki ya shiga nan, duk sayayyar aiki ta fita daga nan. Wanda ya haɗa asusu ɗaya, ranar da aka nemi bayanin bankinsa sai ya yi ta rantsuwa cewa wannan kuɗin adashe ne, wancan ɗan'uwansa ne ya turo a kai wa Inna. Doka ta ce a adana bayanai shekara 6. Wanda ba shi da su, hukuma na da ikon yi masa ƙiyasi da nata hasashen, kuma ban cika ganin ƙiyasin da ya zo wa mutum da sauƙi ba.

To wa ya fi biya?

Mu ɗauki misali, alƙaluman nawa ne don a fahimta. Kai da tsohon abokin aikinka kowa ya samu miliyan 6 a shekara, kowa yana biyan hayar gida naira 600,000, rangwamenku 120,000 ke nan.

Shi ana cire masa fansho kashi 8, mu ce a kan duka albashin, naira 480,000. Abin da ya rage a ɗora wa haraji miliyan 5.4 ne. Harajinsa naira 762,000, wato 63,500 duk wata.

Kai kuma ka kashe miliyan 1.5 a kan aiki da shaidarka, ga 200,000 na kayan aiki. Bayan rangwamen haya saura naira 4,180,000. Harajinka 542,400. An riga an riƙe maka 300,000, za ka cika 242,400. Idan babu rasit ko ɗaya, harajin zai tashi zuwa 848,400, ka zarce mai albashi. Idan takardun shaidar cirewar ma babu, 300,000 ɗin can sun bi ruwa.

A takarda ka fi shi sauƙin haraji da naira 219,600. Amma duba abin da kowa ya kai gida. Shi ya tashi da 4,758,000, kai da 3,957,600, ba a ma sa kuɗin sayen kayan aikin ba. Shi kuma yana da 480,000 nasa a asusun fansho, kamfani ya ƙara masa kashi 10, wato 600,000, kamar yadda dokar fansho ta 2014 ta tanada. Kamfanin ne ke biya masa inshorar rai da kuɗin asusun diyyar rauni a wurin aiki, yana hutu ana biyansa, dizal ɗin ofis ba ruwansa. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga mutum yana sayen abin da ba ya buƙata wai don ya rage haraji. A matakin kashi 18, duk naira 100 da ka kashe naira 18 kawai ta rage maka, 82 daga aljihunka ta fita. Abin da wannan lissafin ke nuna maka shi ne farashi. Wanda ya bar albashin 500,000 ya karɓi kwangilar 500,000 a wata ya rage wa kansa albashi ne bai sani ba. Idan za ka yanka kuɗin aiki, ka sa fanshonka da jinyarka da watannin da babu aiki a ciki. Akwai tsarin fansho na masu zaman kansu da hukumar PenCom ta ƙaddamar a 2019, kana iya shiga ta hannun kamfanonin fansho. Kuɗin inshorar lafiya da na rai, har da na takaful, suna cikin abin da mutum ke neman a rage masa, mai albashi ne ko mai sana'a.

Idan sunan kwangila ne kawai

Ka ambaci ƙungiyar agaji, shi ya sa zan taɓo wannan. Akwai wuraren da ke rubuta wa mutum takardar mai ba da shawara, alhali ƙarfe 8 yake sa hannu a rajista, teburinsa na nan, kwamfutar tasu ce, sai ya nemi izini kafin ya je jana'iza, kuma adadi ɗaya ake biyansa duk ƙarshen wata. Wannan ma'aikaci ne ko me aka rubuta a saman takardar. Kotun Ƙoli, a shari'ar kamfanin Shena Security da Afropak ta 2008, ta jero irin abubuwan da ake dubawa: albashi ake biya ko ladan aiki, wa ke kawo kayan aiki, ko mutum na iya tura wani a madadinsa, wa ke tsara lokaci da wurin aiki. Masu yin haka suna guje wa fansho da sauran haƙƙoƙi ne. Idan hukuma ta gano, su za ta bi bashin PAYE, kai kuma kuɗaɗen da ka cire a matsayin mai sana'a suna iya rushewa ta ɓangaren wannan aikin. Yadda ka bayyana naka, abokan ciniki da yawa da kayan aikinka, ka fi kama da mai cin gashin kansa na gaske. Sai dai ban ga takardun yarjejeniyarka ba, kuma a kansu hukuncin yake.

VAT, dala da buɗe kamfani

VAT kashi 7.5 ne, NRS ake kai wa, kuma ba daga kuɗinka yake fita ba, abokin ciniki ake ɗora wa. An ɗauke wa ƙananan masu sana'a nauyin karɓarsa, amma dokar ta fitar da masu aikin ƙwarewa daga wannan rukunin. Ka je ofishin NRS da bayanin ainihin abin da kake yi su tantance maka ɓangaren da ka faɗa, kafin wani babban kamfani ya tambaye ka.

Idan ka fara samun aiki daga waje ta shafukan neman aiki na intanet irin su Upwork ko Fiverr, mazaunin Najeriya ana bin sa haraji a kan abin da ya samu ko daga ina ne. Babu mai riƙe maka kashi 5 a can, duka nauyin na kanka, kuma da farashin canji na hukuma ake mai da dalar naira.

Za a kuma ba ka shawarar ka buɗe kamfani mai rajista saboda ƙananan kamfanoni ba sa biyan harajin riba. Haka ne, amma togaciyar masu aikin ƙwarewa tana nan ma, kuma wanda bai shiga rukunin ƙanana ba kashi 30 yake biya, ga kashi 4 na harajin raya ƙasa. Albashin da kamfanin zai biya ka PAYE zai hau kansa, ribar da za ka ɗiba a riƙe kashi 10, ga ladan masu binciken asusu duk shekara. A matakin samun da muka yi misali da shi, ban ga abin gaggawa ba, sai idan masu ba ka aiki ne suka ce sai da kamfani.

Abin da ya rage maka yanzu shi ne ka je ofishin KIRS mafi kusa da kai da lambar NIN ɗinka, ka sanar da su ka bar PAYE ka koma mai sana'a, ka bi duk wanda ya riƙe maka kuɗi bara ka karɓo shaidarka. Shekarar da ka bar aiki za ka haɗa duka biyun a bayani ɗaya, watannin albashi da na kwangila, don haka ka nemi shaidar PAYE daga tsohon kamfaninka. Kuɗin da aka samu kafin Janairu 2026 da tsohon ma'auni ake lissafa shi. Rashin miƙa bayani a sabuwar doka tararsa naira 100,000 ce a watan farko, 50,000 a kowane wata bayansa, kuma takardar shaidar biyan haraji da za a nema a wurinka ranar neman kwangilar gwamnati shekara 3 baya take dubawa. Dokar sabuwa ce, jami'ai ma ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya a kan wasu sassanta ba, saboda haka duk abin da aka faɗa maka ka nemi a rubuce. Idan aka kawo maka ƙiyasin da ba ka yarda da shi ba, kwana 30 gare ka ka rubuta ƙorafi tare da lissafinka da shaidunka. Idan ba a daidaita ba, sai kotun ɗaukaka ƙarar haraji ta shiyyar Arewa maso Yamma da ke zama a Kaduna.